Yaren Denmak: nahawu zan fara kamawa ko furuci?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda ke zaune a Denmak ko suka taɓa zama, shawara nake nema. Ina Kaduna ina jiran bizar tafiya wajen maigidana a Aarhus, sai na ce maimakon zaman jira bari in fara koyon yarensu a waya. A rubuce ina ɗan ganewa. In na ga "Hvad hedder du?" na san sunana ake tambaya, "Hvor bor du?" kuma inda nake zaune. Amma da zarar na kunna rediyonsu sai in ji kamar ba yaren da nake karantawa ba ne, ko kalma ɗaya ba ta tsayawa a kunnena. Wani ɗan uwa ya ce in riƙe nahawu da kyau, furuci zai zo da kansa in na isa can. Wata kuma ta ce ɓata lokaci ne, in ajiye littafi in yi ta saurare. Wanne zan kama?

Bakano_a_Vejle: Wa alaikumus salam. Wanda ya ce miki furuci zai zo da kansa bai taɓa tsayawa gaban mai kanti a ƙasar nan ba. Nahawunsu ba abin tsoro ba ne, kunne da baki su ne aikin. Akwai mutanenmu a nan da ke karanta wasiƙar hukuma tsaf, amma in waya ta yi ƙara sai su miƙa wa yaransu.

Malam_Nahawu: Maman Ilham, bari in nuna miki dalilin da ya sa Bakano ya faɗi haka. Ki ɗauki aikatau "spise", wato cin abinci. Jeg spiser, du spiser, han spiser, hun spiser, vi spiser, de spiser. Ni, ke, shi, ita, mu, su, kalmar ba ta motsa ba. Wanda ya sha fama da sarfu a Larabci, ko Faransanci inda kowane mutum da irin ƙarshen kalmarsa, ya san wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Abin da ya wuce kuma yawanci -ede ne ko -te: boede, ya zauna, spiste, ya ci. Akwai 'yan tawaye, irin su gå da ke komawa gik, da drikke da ke komawa drak. Waɗannan haddace su ake yi, ba wata dabara.

Abu na biyu, ɗan Ingila na wahala a kansa amma Bahaushe bai kamata ya wahala ba. Mu muna cewa mota, in an riga an san wadda ake nufi mu ce motar. Gida, gidan. To su ma a ƙeyar kalma suke liƙa shi. En bil mota ce, bilen motar. Et hus gida ne, huset gidan. Jam'i: biler, bilerne, huse, husene.

Jinsi biyu gare su kamar mu, sai dai nasu ba namiji da mace ba ne, rukunin en ne da rukunin et, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na sunaye 'yan en ne. Babu dokar da za ta kama hannunki ta nuna miki wanne ne wanne. Namiji en mand, mace en kvinde, amma yaro et barn. Don haka kada ki haddace "hus" tsirara, ki haddace "et hus" tare. Sifa kuma tana bin jinsin: en stor bil, et stort hus, store biler. In sifa ta shiga gaban sunan da aka sani, ɗafin ya kan sauka daga ƙeya, wata kalma ta tsaya a gaba: den store bil, det store hus. In kin riƙe wannan kin riƙe rabin littafin farko.

Zango_Nima: Malam, ka ce jinsi biyu kamar mu. Mu wa? Mu 'yan Ghana a Nima da zangon Kumasi mun daɗe da sallamar wannan wahala, mace ma "ya zo" muke ce mata 😂

Bakano_a_Vejle: Ai ku ne ya kamata a tura ku gyara musu yaren. Da ku da 'yan Bauchi masu "motan nan".

Hajiya_Norrebro: 'Yata, kin ji bayanin Malam, gaskiya ne duka. Amma abin da ya hana ki jin rediyo ba ya cikinsa. Mutanen nan haɗiye kalma suke yi. Bari in rubuta miki kaɗan yadda kunnena ke jinsu, da rubutun Hausa.

Jeg, ni: "yai", in ana sauri ma "ya". Mig da dig: "mai" da "dai". Det: "de". De, su: "di". Og: "o". Af: "a". Kan: "ka". Skal: "sga". Have: "ha". Give: "gi". Tage: "ta". Blive: "bli". Selvfølgelig, wato tabbas mana, dubi tsawonta a takarda, amma a baki kamar "sefoli" ce, an wuce.

Kin ga waɗannan su ne ƙananan kalmomin da ke cikin kowace jimla. In kina jiran ki ji "jeg" da g a ƙarshe, har a gama labaran ba za ki ji ba. Sannan h gaban v ko j ba a faɗinta: hvad, hvor, hvem, hjem. D bayan n ko l ko r sau da yawa kwance take kawai: mand, kold, bord. Ƙarshen -er kuma kamar "a" yake fita, biler ki ji "bila". Ni shawarata, duk kalmar da za ki haddace ki fara jinta kafin ki ga rubutunta. Ƙamusunsu na intanet, Den Danske Ordbog a ordnet.dk, kyauta ne, yawancin kalmomin da ɗan lasifika a gefe, ki danna ki ji.

Maman_Ilham: Ikon Allah. Hajiya na gode, wallahi "jeg" ɗin nan "jeg" nake karanta shi da j ɗin jaki. Ashe j ɗinsu y ne?

Hajiya_Norrebro: Y ne. Ja, wato i, "ya" ake cewa. Y ɗinsu kuma wasali ne ba baƙi ba.

DanDamagaram: A nan ne mu 'yan Nijar muka ɗan fi ku sa'a. Y ɗin nan shi ne u na Faransanci, na cikin "tu". Ø kuma kusan eu ne, na cikin "deux". R ɗinsu ma daga maƙogwaro yake fitowa kamar na Faransa, ba a kaɗa harshe. Wanda bai yi lakwal ba, wato makarantar boko ta Faransanci, ga hanya mai sauƙi: ka ce "ii", ka riƙe harshenka a wurin kada ya motsa, sai ka tsuke leɓe kamar za ka yi fito. Abin da ya fito shi ne y. Ka ce "ee" ka tsuke leɓe haka nan, ø ya fito. Å kuwa "o" ne mai ɗan buɗewa, æ kuma "e" buɗaɗɗe. Æ da ø da å, su ukun nan a ƙarshen abacada suke, bayan z, haruffan duka 29.

Kada a raina wasulan nan. Kylling kaza ce, killing ɗan kyanwa, kælling kuma zagi ne ga mace. Ku duba irin abin da zai iya faruwa a wajen mai nama.

Ummi_Odense: Subhanallah 😂 wannan darasin kowace malama sai ta yi shi a makon farko.

Injiniya_Aalborg: R ɗin nan, wanda ya yi karatun allo da tajwidi ya tuna harafin gain, sai ya sassauta shi sosai. A farkon kalma ke nan, kamar rød ko ris. Bayan wasali kuwa narkewa yake yi, mor da far da bror ba wani r da za ka ji a ƙarshe.

Amma ina da ja da Bakano da Malam. Maganar cewa nahawu ruwa ne, ita ce ke kayar da mutane a jarrabawar rubutu. Zan dawo kanta in na tashi daga aiki.

Malam_Nahawu: Kafin Injiniya ya dawo da sandarsa, akwai abubuwa biyu da ba a taɓo ba, kuma su ne ainihin yaren. Na farko d mai taushi, wanda ke cikin mad (abinci), rød (launin ja), gade (titi), da hedder. Na biyu abin da suke kira stød.

Sani_Mai_Keke: D mai taushi ai zal ne na Larabci, ذ. Haka wani ya koya min.

Hajiya_Norrebro: A'a ɗana, ba shi ba ne. Zal harshe ake fitarwa tsakanin haƙora. Wannan kuwa kan harshe ƙasa yake sauka, ya jingina bayan haƙoran ƙasa, tsakiyar harshen ya ɗan taso, sauti ya zubo ba tare da an taɓa dasashi ba. Baƙo in ya ji sai ya ɗauka l ne, shi ya sa za ka ji sababbin zuwa suna cewa "mal" maimakon mad. Ɗan ƙasa kuwa nan take yake jin bambancin, don a l harshe sama yake tafiya. Kuma shi ne a ƙarshen huset da sauran masu -et. In suna son su yi wa baƙo dariya sai su ce ya faɗi "rødgrød med fløde", wani kunun 'ya'yan itace ne ja da ake zuba wa kirim. R na maƙogwaro, ø, da d mai taushi, duk sun taru a ciki.

Sani_Mai_Keke: To Hajiya, ni dai da zal ɗina ake gane ni a wurin aiki.

Hajiya_Norrebro: Ana gane ka don sun saba da kai.

Malam_Nahawu: Stød kuma ɗan sarƙewa ne a maƙogwaro, a tsakiyar gaɓa. Ba a rubuta shi, ba shi da harafi, amma yana raba ma'ana. Hun, ita; hund, kare. D ɗin hund ba a faɗinta, don haka abin da ya raba su sarƙewar nan ce kawai. Mor uwa ce, mord kisan kai. Bønner wake, bønder manoma. Læser ba stød mai karatu ne, læser da stød "yana karantawa", rubutu iri ɗaya. Mu bai kamata abin ya ba mu mamaki ba, tun da a Hausa ma gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne, murya ce ke raba su, kuma ba mu taɓa rikicewa ba.

Ummi_Odense: Malam, ba hamzar cikin "sa'a" da "a'a" ba ce?

Malam_Nahawu: 'Yar uwarta ce, amma ba ita ba. A hamza maƙogwaro rufewa yake yi ruf. A stød sau da yawa ba ya rufewa, murya ce ke ɗan karyewa ta wuce. In kin buga shi da ƙarfin hamza za a gane ki, sai dai za ki yi kama da mai shaƙuwa. Duk da haka Bahaushe ya fi Bature kusa da shi, mu masu 'ya'ya da ɗa da ɓera mun saba aiki da maƙogwaro.

Bakano_a_Vejle: Ni ina ganin mai farawa ya bar stød tukuna. A kudancin ƙasar, irin su Lolland da Falster da Bornholm, karin harshensu na gargajiya ba shi da stød sam, kuma ba wanda ya ce su ba 'yan ƙasa ba ne. Abin da ya fi kashe mu shi ne p da f, da v da b. Far uba ne, par kuma mata da miji ko abu biyu. Ven aboki ne, ben ƙafa ko ƙashi. Vi mu ne, bi ƙudan zuma. Bahaushe zai tashi ya ce "min ben" yana nufin abokinsa. Wannan tun a Kaduna za ki iya gyara shi gaban madubi: v haƙoran sama kan leɓen ƙasa, p leɓe biyu a rufe sannan iska ta fashe.

Malam_Nahawu: Ban ƙi ta taka ba a kan p da v. Amma ita Aarhus za ta, ba Lolland ba.

Dan_Numan: Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Mu a Adamawa Denmak ba baƙuwa ba ce. Dokta Niels Brønnum ya iso Numan a 1913, daga aikin mishan ɗinsu ne Ekklesiyar Lutheran ta Kristi a Nijeriya ta fito, hedikwatarta tana Numan har yau. Kuma da Hausa da Bacama suka yi aikin, sai da suka zauna suka koya. In ɗan Denmak ya iya koyon ɗ da ƙ da karin sautinmu a bakin Binuwai, ba na jin d mai taushi zai gagare mu.

Zango_Nima: Mu ma muna da namu. Fadar Osu a Ankara babban birnin Ghana, Christiansborg, ginin 'yan Denmak ne, sai a 1850 suka sayar wa Ingila da wurarensu na gaɓar teku. Sunanta ɗaya da ginin majalisarsu a Kopenhagen. Amma tarihin wancan ginin na cinikin bayi ne, ba na mishan ba.

Maman_Ilham: Allah Sarki, ban taɓa sanin wannan ba. To ku dawo da ni kan lissafi, don na kai darasin ƙirga na tsaya cak a hamsin.

DanDamagaram: Kowa a nan yake tsayawa. Har arba'in lafiya lau: ti, tyve, tredive, fyrre. Daga hamsin sai su koma ƙirga da ashirin-ashirin. Tres sittin ne, ashirin sau uku. Firs tamanin, ashirin sau huɗu, daidai da quatre-vingts namu na lakwal. Masu rikitarwa su ne na tsakani. Halvtreds guntun halvtredsindstyve ne. Halvtredje na nufin biyu cikakku da rabin na uku, wato biyu da rabi. Biyu da rabi sau ashirin, hamsin. Halvfjerds uku da rabi sau ashirin, saba'in. Halvfems huɗu da rabi sau ashirin, casa'in.

Amma kada ki tsaya kina wannan lissafi a kanti. Su kansu yaransu ba lissafawa suke ba, haddacewa suke yi. Mu ma da muke cewa hamsin, sittin, saba'in, waye ke tuna daga Larabci aka aro su?

Baba_Tsohon_Dalibi: Yaran zamani. Kakanninmu ma da ashirin suke ƙirga kuɗin wuri, hauya suke ce mata, hauya uku sittin ke nan. Kuma har gobe muna cewa ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu. Kowane yare da nasa karkacewar. Abin da za ki kula da shi 'yata, suna fara faɗin ƙaramar lamba kafin babba: enogtyve, ɗaya da ashirin, femoghalvtreds, biyar da hamsin, 55 ke nan. In kin yi Islamiyya kin san wahid wa ishrun, tsarin ɗaya ne. Matsalar tana wajen lambar waya, don bibbiyu suke karanta ta. Ki ce a faɗa miki ɗaya-ɗaya, ba abin kunya ba ne.

Ummi_Odense: Anti, agogo ya fi lamba haɗari. Halv tre ba uku da rabi ba ne, BIYU da rabi ne, saura rabi uku ta cika. In likita ya ce halv tre kika je uku da rabi, kin makara da awa guda, kuma nan ba a wasa da lokaci. Kvart i tre uku saura kwata, kvart over tre uku da kwata, waɗannan daidai da namu. Sannan da lambar mako suke magana. Makarantar Ilham za ta rubuto miki cewa hutu uge 42 ne, wato mako na 42 a shekara, tsakiyar Oktoba. Ki sa kalandar wayarki ta riƙa nuna lambar mako.

Injiniya_Aalborg: Na dawo. Ga abin da nake nufi. A jimlar Dansk, wato yaren Denmak, aikatau kujera ta biyu yake zama, ko me ya zo farko. Jeg spiser ris i dag, ina cin shinkafa yau. In ka fara da "yau", dole aikatau ya riƙe kujerarsa, "ni" ya koma baya: I dag spiser jeg ris. Mutanenmu da suka zo da Turanci a kai kullum "I dag jeg spiser" suke cewa, kuma in baki ya saba da shi cire shi aiki ne.

Sai ikke, kalmar korewa. A babbar jimla bayan aikatau take: Jeg kommer ikke, ba zan zo ba. Amma a jimlar da ke rataye, bayan fordi ko at ko hvis, sai ta tsallako gaba: fordi jeg ikke kommer. Sai sin da hans. Mu in mun ce "ya ɗauki kekensa", ba a san ko nasa ne ko na wani ba. Su sun raba: Han tager sin cykel, nasa na kansa, Han tager hans cykel, na wani mutum daban. Ka sa kalmar "mata" a wurin keke ka ga inda kuskure zai kai ka.

Waɗannan ba sa shiga ta kunne kawai, sai an zauna an karanta. Kuma lokacin zama da littafi shi ne yanzu da take Kaduna ba ta da wanda za ta yi magana da shi. In ta iso, kunne zai samu abinci ko ta so ko ta ƙi.

Bakano_a_Vejle: Injiniya, wane abinci? Mutanen da kana buɗe baki da Dansk ɗinka mai ɗingishi za su juya maka zuwa Turanci? Za ka iya shekaru a ƙasar nan ba ka yi hirar minti goma da yaren ba. Kuma wanda ya haddace kalma dubu da furucin da ya ƙirƙira wa kansa, sai ya sake koyonsu daga farko. Wannan ya fi "I dag jeg spiser" wuyar cirewa.

Injiniya_Aalborg: Juyawa Turanci gaskiya ne. Maganinsa jimla ɗaya: "Jeg vil gerne tale dansk", ina so in yi Dansk. Yawancinsu suna mutunta hakan.

Hajiya_Norrebro: Ku biyun kowa ya riƙe ƙafa ɗaya. Amma ni ina gefen Bakano. Masu bincike a ƙasar nan sun gano cewa jariransu ma sun fi na wasu ƙasashe jinkirin tara kalmomi a farkon rayuwa, kuma suna danganta hakan da yawan wasula da narkewar baƙaƙe, yaro ba ya saurin gane inda kalma ta ƙare wata ta fara. Mu wasulanmu biyar ne, gajeru da dogaye. Su haruffan wasali tara gare su, sautukan kuwa sun haura ashirin. Maƙwabtansu 'yan Norwe da Suwidin tsokanarsu suke yi wai da dankali mai zafi a baki suke magana. Ɗan Norwe zai karanta jaridar Denmak ba wahala, don ƙasashen biyu suna ƙarƙashin sarki ɗaya har 1814 kuma rubutunsu na Bokmål daga Dansk ya samo asali, amma a baki shi ma sai ya kasa kunne sosai. To ina ga 'yar Kaduna?

Sani_Mai_Keke: Tambaya: Aarhus ne ko Århus? Ina ganin duka biyu.

Injiniya_Aalborg: Sauti ɗaya ne, aa tsohon rubutun å ne. A 1948 aka shigo da å a hukumance, a gyaran da ya soke fara kowane suna da babban harafi irin na Jamusanci. Garin ya koma Århus, sannan daga 2011 suka dawo da Aarhus. Mu a Aalborg da ma mun ƙi sakin namu. Maman Ilham, kada ki ce "Arhus" da a, "O" ne a farko.

Ummi_Odense: Wani abu da ba nahawu ba amma zai dame ki Anti: kowa "du" ne. Malama, likita, shugaban wurin aiki, tsohuwa sa'ar kakarki, kuma da sunansu na yanka ake kiransu. Akwai De na girmamawa, amma yau sai gidan sarauta ko wasu tsofaffi ƙalilan. Ni har yanzu bakina nauyi yake in zan kira malamata da sunanta tsirara. Kuma ba su da kalma guda ta "don Allah". Ladabinsu yana cikin tak, wato na gode, da gerne na cikin "jeg vil gerne". Tak for mad bayan cin abinci, mai gida ya ce velbekomme. Tak for sidst in kun sake haɗuwa da wanda kuka yi zama tare, wato na gode da haɗuwar baya, kamar dai namu na "ina gajiya". Tak for i dag in an tashi aiki. Gaisuwa kuwa "hej" ce, an gama. Ba ya gida, ba ya yara, ba ya sanyi.

Baba_Tsohon_Dalibi: Wannan "hej" ɗin ya daɗe yana min ciwo. Ashe ba wulaƙanci ba ne, haka suke.

Hajiya_Norrebro: Kuma in kin ji mace ta ja numfashi ciki tana cewa "ya", ba firgita ta yi ba, amincewa take yi da maganarki. Sai kalmomin kanti, waɗannan ki haddace kafin komai: svinekød da gris da flæsk da skinke duk alade ne. Oksekød naman sa, lam rago, kylling kin riga kin ji labarinsa. "Er der svinekød i?" wato akwai naman alade a ciki? Frikadeller ɗinsu, wato curin niƙaƙƙen nama soyayye, yawanci da alade ake yi, ki tambaya.

Malam_Nahawu: Tun da an zo kan ƙananan kalmomi, akwai jo, da, vel, nok, lige. Littafi ba ya iya fassara su da kyau, amma aikinsu irin na dai, fa, kam, mana, ai ne a Hausa. "Det ved du jo", ai ka sani. "Kom lige", ɗan zo mana. Kuma in aka yi miki tambaya da korewa, "Kommer du ikke?", ba za ki zo ba?, in za ki zo amsar "jo" ce ba "ja" ba. Injiniya, ka ga waɗannan kam ta kunne suke shiga.

Injiniya_Aalborg: Na ba ka waɗannan. Ban ba ka ikke ba.

Maman_Ilham: Allah ya saka da alheri, na cika shafuka. In na iso akwai makaranta ne, ko da kaina zan ci gaba?

Ummi_Odense: Akwai. In kin samu lambar CPR, wato lambar rajistar mazauna ƙasar, ƙaramar hukumarku, kommune, ita za ta tura ki makarantar yare. Za su yi hira da ke su sa ki a ɗaya daga layi uku, Danskuddannelse 1, 2 ko 3, gwargwadon karatun da kika yi a gida. Kowane layi da matakansa, a ƙarshe a yi Prøve i Dansk 1, 2 ko 3. Mai son karatun jami'a da yaren sai ya ƙara da Studieprøven. Takardun zama na dindindin da na zama ɗan ƙasa duk suna neman shaidar jarrabawar yare, kuma dokokin suna yawan sauyawa, don haka maigidanki ya duba shafin hukuma a kan irin bizarki, kada ku dogara da maganar zaure. Kafin nan ki nemi DR Ligetil, labarai ne da aka rubuta da sauƙin yare, da shirye-shiryen yara na Ramasjang, ku kalla ke da Ilham. Ɗakunan karatu da yawa kuma suna da zaman hira da 'yan sa-kai, sprogcafé.

Bakano_a_Vejle: Ilham za ta riga ki, ki shirya. Nan gaba kaɗan ita za ta riƙa gyara miki ø.

DanDamagaram: Kuma ki sani Jylland za ki, yankin da Aarhus take, ba Kopenhagen ba. Karin Aarhus ya ɗan bambanta da na rediyo. In kuka gangara kudu wajen iyakar Jamus za ki ji ana gaisuwa da "mojn". A ƙauyukan yamma kuwa tsofaffi ba sa ma liƙa ɗafin nan da Malam ya koya miki, "æ hus" suke cewa maimakon huset.

Malam_Nahawu: DanDamagaram, ka bar baiwar Allah ta iya huset tukuna.

Aisha_Sabuwa: Salam, yanzu na shigo zauren, na karanta daga sama. Ni Malmö ta Suwidin aka ba ni gurbin karatu amma ina fatan samun aiki a Kopenhagen, tun da gada ce kawai tsakani. In na koyi na Suwidin zai ishe ni, ko dole sai na haɗa biyu?

Hajiya_Norrebro: A takarda zai kai ki nesa. A baki kuwa, ina ganin matasan ƙasashen biyu a jirgin ƙasa suna hira da Turanci. Wane fanni za ki karanta? In aikin asibiti ne ko kula da tsofaffi, amsar daban ce da ta mai aikin kwamfuta.